Guzurin Motar da Za Ta Shiga Gonakin Kadawa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan Kogin Kano yake bin manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shirin noman rani na Kadawa da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ya cika yankin da shinkafa da alkama da albasa da tumatir. Sai dai amfanin gona ba ya kai kansa kasuwa. Akori-kura da J5 da Kanta ne ke sauka daga kwaltar Kano zuwa Zariya, su bi burjin gefen kanal, su yi lodi, su nufi kasuwar Kwanar Gafan.

Direbobi da yawa suna raina tafiyar don ba ta da nisa, alhali abin da ke tsai da mota a nan bai cika wuce ɗan ƙaramin abu ba. Ɗauki fanbel. A irin waɗannan motoci shi ke juya famfon da ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto, shi ke kuma juya na'urar da ke cajin batir. Ya tsinke a zafin watan Afrilu, ga lodi ya danne mota, cikin 'yan mintoci inji zai ɗau zafi; direba ya matsa, gasket ya ƙone. Abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba a kasuwar Ƙofar Ruwa sai ya ja sauke inji. Tumatir kuwa ba ya jiran bakanike. Kwandon da ya wuni a rana ya sauka daga farashinsa, kuma manomin da ya yi watanni yana ban ruwa shi zai sha asarar, ba mai mota kaɗai ba.

Don haka fanbel na ajiya, da tiyon lagireto da abin ɗaure shi, da jarkar ruwa mai tsabta su ne kan gaba. Ruwan kanal yana kusa, amma lakarsa tana toshe lagireto. A bar shi sai dole ta yi. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji na tafasa, tururin kan ƙona fuska da hannu.

Baƙon direba yakan yi mamakin ganin mota ta kafe a taɓo tsakiyar rani. Ruwan da ya tumbatsa daga lambatu ne ya kwanta kan hanya. A nan jak kaɗai ba ya aiki, nutsewa yake yi a laka sai an ɗora shi kan faffaɗan katako. Shebur da igiyar ja mai ƙarfi su ma wajibi ne, ko an samu tarakta ta zo wucewa. Safayar taya kuwa, a gwada iskarta kafin a bar gari, domin mai faci yana can bakin titi.

Saura gurɓataccen mai. Man galan da ake saye a ƙauye yakan zo da datti ko ruwa, shi ya sa matatar mai ta ajiya take da amfani. A haɗa da fis, da fulogi in motar fetur ce, da baƙin mai, man birki, sifanu, filaya, waya da tocila, duk a akwati guda bayan kujerar direba. Yaron mota ma a koya masa canza fanbel tun a tasha, tunda shi zai riƙe tocila ko sifana idan abin ya faru bayan magariba.