Kafin a ce kwamfutar yaro ta lalace, a duba direbanta

Bayan kakar bara, yayata da ke aure a Kunci ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin awaki biyu, ta damƙa wa ɗanta na fari ya shiga Kano ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Yaron zai zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, kuma ta ga yadda 'ya'yan maƙwabta suka je ɗakin jarrabawa hannunsu na rawa saboda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Burinta ya samu shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, kusa da gida.

Mai shagon ya wanke kwamfutar tas, ya ɗora mata sabon Windows, ya ce komai lafiya. Da aka iso gida sai ga abin da ba a zata ba. Ta ƙi ganin intanet ɗin da aka kunna mata daga waya. An sa karatu, babu sauti. Wani mai gyaran waya ya duba, ya ce kayan cikinta ne suka mutu, sai an canja, ya yanka kuɗin da ya kusa kai rabin abin da aka saye ta.

Da daddare ta kira ni, muryarta a sanyaye. "An cuce ni ko?" Na ce, "Yaya, kada ki ba kowa ko sisi tukuna. Ba ni yaron."

Ni ba injiniya ba ce, amma na sha fama da tsofaffin kwamfutoci a wurin aiki, kuma wannan ciwon na san shi. Kowane sashe na kwamfuta, daga mai kamo intanet zuwa lasifika da kyamara da injin buga takarda, yana da wata 'yar manhaja da ke tsakaninsa da Windows. Masu gyara suna kiranta direba. A gaskiya aikinta ya fi kama da na tafinta: Windows ya yi magana, ita ta fassara wa sashen da yaren da yake ji. In aka wanke kwamfuta, tafintocin nan duk suna tafiya tare da tsohon Windows. Sabon yana zuwa da nasa da yawa, sauran kuma sai ya hau intanet ya ɗebo. To in wanda ya ɓata shi ne na kamo intanet ɗin fa? Shi ke nan, kwamfuta ta zama kurma alhali kunnenta lafiya lau.

Tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin waɗanda suka cika shagunan titin Beirut da Farm Centre a Kano, sun fi faɗawa wannan hali, don da yawansu an ƙera su ne a zamanin Windows 7, wanda Microsoft ya daina kula da shi tun Janairun 2020.

Yadda za a gane ba ya buƙatar ko kwabo. Da farko a tabbata ba a danne maɓallin jirgin sama ko na kashe sauti ba, don sau da yawa iyakar matsalar ke nan. Sannan a danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin X, a zaɓi inda aka rubuta Device Manager. Jerin sassan kwamfutar zai fito. Duk wanda aka ga wata alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku a jikinsa, to galibi direbansa ne ya ɓata ko bai dace ba. Ɗan yayata ya duba ya ce, "Anti, ga su nan guda uku." Na ce ya gode wa Allah. Tunda kwamfutar ta jero su, ta san suna nan, yaren su ne ba ta ji. Abin tsoro shi ne sashen da ko sunansa bai fito ba.

Sai dabarar da ta cece mu. Na sa ya haɗa wayar uwarsa da kwamfutar da igiyar caji, ya shiga saitin wayar wurin raba intanet, ya kunna USB tethering. Galibin wayoyin Android, su Tecno da Infinix da Itel, suna da shi, kuma Windows 10 da 11 kan karɓe shi ba tare da neman wani direba ba. Igiyar dai ta zama mai ɗaukar bayanai, don akwai masu araha da caji kawai suka iya. Da intanet ya shiga, ya buɗe Windows Update ya ce ta bincika. Akwai kuma wani lungu a ciki mai suna Optional updates, inda direbobin da ba ta ɗora da kanta ba suke jira a zaɓa.

Nan zan ja kunnen iyaye mata, don data ɗinki ce za ta tafi. Windows ba ya jin tausayi. In ya samu hanya, sai ya ɗebo duk abin da yake bin bashi na watanni. A yi wannan aiki da garaɓasar dare, ko lokacin da aka sayi data mai yawa, kuma batir a cike. In kuɗin ya yi kaɗan, akwai hanya ta biyu: a juya kwamfutar, a ƙarƙashinta akwai takardar da ke ɗauke da sunan samfurinta da lambarta. Dell na kiran tasa lambar Service Tag, HP da Lenovo kuma suna da lambar siriyal. A shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta daga waya, a rubuta lambar, a sauke direban da ake nema shi kaɗai, a tura shi kwamfutar ta igiya. Kyauta ne. Kamfanonin nan ba sa sayar da direba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Duk yaron da ya rubuta kalmar direba a Google, zai ci karo da shafuka masu manyan maɓallai kore, suna cewa kwamfutarka na da matsala talatin, danna nan a gyara. Wasu su tsorata ka sannan su nemi lambar katin banki. Wasu su cusa talla, kuma ba kowace talla ce uwa za ta so ɗanta ya gani ba. Wasu ma ƙwayar cuta ce tsagwaronta, mai satar lambobin sirri. Direba yana shiga har ƙuryar ɗakin kwamfuta, inda sauran manhajoji ba sa kaiwa, shi ya sa na bogi ya fi komai haɗari. A gidana doka ce: daga Windows Update ko shafin kamfanin da ya ƙera, ba na uku. Ki tambayi yaro kai tsaye daga ina ya sauko da shi, ya nuna miki sunan shafin a saman allo.

Akwai kuma zumuɗin samari na cewa sai komai ya zama sabo. In sauti na fita, intanet na kamawa, hoto na tafiya daidai, a bar su. Sabuntawa ba gaira ba dalili ita ke jawo gyaran gangar auzinawa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a wannan ƙuryar, ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. In aka sabunta direba abu ya rikice, a koma Device Manager, a buɗe sashen, akwai maɓallin Roll Back Driver da ke maido da tsohon. Abin da kuma aka rubuta BIOS a jikinsa a shafin kamfani, kada yaro ya taɓa shi. In wuta ta ɗauke ana tsakar ɗora shi, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, kuma mun san halin wutarmu.

Sabunta Windows ɗin kansa don tsaro daban ne, wannan a riƙa yi. Sai dai mai shirin saye yanzu ta sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ke ɗaukar Windows 11 ba. A tambayi mai shago wannan tun kafin ciniki. A kuma sa shi ya buɗe Device Manager a gaban ido, ya kunna sauti, ya haɗa intanet, ya gwada kyamara. Minti biyar ne, kuma ya fi kuɗin motar komawa Kano daga Kunci sauƙi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na daren, alamu biyu suka ɓace, intanet ya kama, sauti ya dawo. Ta ukun ta na'urar karanta zanen yatsa ce, na ce a ƙyale ta, ba ita za ta rubuta masa jarrabawa ba. Yaya ta karɓi wayar tana tambaya nawa aka kashe. Na ce kuɗin data ne kawai. Ta yi shiru, sannan ta ce gobe in koya wa ƙanwarsa ma, don ita ce mai bi masa.