Rubutun Ruwa a Kan Yashi

Gaisuwa ga mutanen Jandutsi, da Jega, da Maiyama, da manoman albasa na Aliero. Yau a tsakiyar gulbi za mu yi shirin namu, amma kada kowa ya naɗe wando. Rani ne, ruwa ya janye.

Wanda duk ya taɓa sauka gulbin Zamfara a Jega da sassafe, kafin shanu da masu ɗibar yashi su tattake wurin, ya ga waɗansu 'yan kunyoyi jere reras, sai ka ce wani ya kwana yana huɗa da cokali. To, ku tsuguna ku shafa guda. Gefe ɗaya a kwance yake, hannu na hawansa a hankali. Ɗayan kuwa gangare ne, gajere. Ruwa ne ke turo ƙwayar yashi ta hau ta gefen nan mai sauƙi, in ta kai ƙoli sai ta mirgina ta faɗa gaba. Ashe ke nan gangaren shi ke duban inda ruwa ya nufa. Ko baƙo ne kai, ba ka san gabas da yamma ba, kunya ɗaya ta isa ta nuna maka hanyar da gulbin ke bi ya je ya haɗu da na Sakkwato. Ita kanta kunyar, lokacin da ruwa ke kanta, ba zaune take ba. Ana zaftare bayanta ana ƙara mata a gaba, tana tafiyar hawainiya.

Gulbi hanya ɗaya ya sani. Teku kuwa kai-komo ne aikinta. Igiyar ruwa ta tura yashi gaba, ta dawo da shi baya, sai kunyar ta fito da gefe biyu daidai wa daida, kanta da kaifi. Ɗan kasuwarmu da ya je bakin teku a Legas, in ya sa ido, zai ga har iyakar da kowace igiya ta kai, don takan bar siririn zane na kumfa da ɓawon kodi, kamar an ja zare. Wani wurin kuma gaɓar kan yi lauje-lauje a jere, tsakanin kowane biyu da ɗan tsini.

Sai dai rubutun teku ba ya daɗewa. Wata na jan ruwa, teku ta cika ta janye, kuma tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25 ne. Almajira ce mai wanke allo sau biyu a rana. Namu gulbin malalacin ɗalibi ne, abin da ya rubuta da kaka yana nan har damina, in dai iskar hunturu da tayar tifa sun ƙyale shi.

Kada kuma mu ce ba ruwanmu da teku. Masana ilimin ƙasa sun ce farin dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya kwanta kimanin shekara miliyan 60 da suka shige, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa.

Nan za mu sa aya. A huta lafiya.