Darasin Komati: A Tanadi Aiki Kafin A Kashe Injin

Ranar 31 ga Oktoban 2022 kamfanin Eskom ya kashe injin ƙarshe a tashar wutar lantarki ta Komati da ke lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, wadda ta fara ƙona kwal tun 1961. Kwanaki kaɗan bayan haka Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don mayar da wurin cibiyar wutar hasken rana da iska da batura. Kuskuren yana cikin jerin nan ne: an rufe tukuna, kuɗin gina madadi suka biyo baya.

Eskom ya ce babu ma'aikacinsa na dindindin da ya rasa aiki, an rarraba su zuwa wasu tashoshi. Gaskiya ne, sai dai ba su kaɗai ke cin abinci a tashar ba. Akwai ma'aikatan 'yan kwangila, da direbobin manyan motocin dakon kwal, da mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da masu ba da hayar ɗakuna. Waɗannan ba su cikin takardar albashin kamfani, don haka babu wanda ya ɗauki nauyin canja musu wurin aiki, a ƙasar da rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin ɗari. Ita kanta hukumar shugaban ƙasa kan sauyin yanayi ta gano cewa an makara wajen tuntuɓar mutanen garin da tashar take.

Jamus ta bi wata hanya. A 2007 gwamnati da kamfanin haƙar kwal da ƙungiyar ƙwadago suka tsayar da 2018 a matsayin shekarar daina haƙar baƙin kwal, kuma a Disambar shekarar aka rufe mahaƙar Prosper-Haniel da ke Bottrop. Shekara 11 ke nan na shiri: tsofaffi suka yi ritaya da wuri da kuɗin tallafi, matasa aka koya musu sabuwar sana'a.

Wani zai ce Afirka ta Kudu ba ta da aljihun Jamus, kuma ɗumamar yanayi ba ta jiran kowa. Batun kuɗi na da ƙarfi, ba a musu. Amma Komati ba rana ɗaya ta tsufa ba. Injinanta tara sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya kowa na gani, kuma ƙirga waɗanda za su shiga wahala da zama da su ba ya cin miliyoyi. Maganar gaggawa kuwa, mutanen sauran garuruwan kwal na Mpumalanga sun ga abin da ya sami Komati, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba zai yi marhabin da rufe tasa tashar ba. Duk gwamnatin da ke son rufe tashar kwal cikin sauri, ta fara sa ma'aikatan kwangila cikin lissafinta tun kafin ta yanke rana.