Mita Huɗu da Girman Inji: Yadda Dokar Haraji ta Sauya Surar Ƙananan Motoci a Indiya

Duk wanda ya duba jerin motocin da ake ƙerawa a Indiya zai lura da wani abu mai ɗaure kai: motoci da dama na kamfanoni mabambanta tsawonsu ɗaya ne, milimita 3,995. Wannan daidaito ba daga injiniyoyi ya samo asali ba, daga ma'aikatar kuɗi ya fito.

A kasafin kuɗi na 2006, ministan kuɗi P. Chidambaram ya rage harajin ƙera ƙananan motoci daga kashi 24 cikin ɗari zuwa kashi 16. Kafin mota ta shiga wannan rukuni sai ta cika sharuɗɗa biyu a lokaci guda. Na farko, kada tsawonta ya wuce mita huɗu. Na biyu, kada girman injinta ya haura cc 1,200 idan mai shan fetur ce, ko cc 1,500 idan mai shan dizal ce. Ma'aunin cc yana nuna yawan iska da mai da tukwanen inji ke iya zuƙa, kuma an yi wa dizal sassauci ne domin injinsa yakan buƙaci ƙarin girma kafin ya ba da ƙarfin da na fetur ke bayarwa. Manufar gwamnati ita ce mota ta yi araha ga masu matsakaicin hali, ƙasar kuma ta zama cibiyar ƙera ƙananan motoci.

Tsarin harajin ya canja suna da adadi, amma ma'aunin yana nan. Da aka kawo harajin kaya da ayyuka na bai-ɗaya, GST, a Yulin 2017, ƙaramar motar fetur ta riƙa biyan kashi 29, ta dizal kashi 31, yayin da manyan jif-jif daga baya suka kai kashi 50. Daga 22 ga Satumba 2025 aka mayar da na ƙanana kashi 18, na sauran kuma kashi 40. Idan aka ɗauki motar da kuɗinta kafin haraji ya kama rufi 600,000, harajinta 108,000 ne a rukunin farko, 240,000 a na biyu. Milimita goma kacal na iya jawo wa mai saye ƙarin rufi 132,000.

A nan ne kamfanoni suka nuna dabara. Doka ta yi maganar tsawo, amma ba ta ce komai a kan faɗi ko tsayi ko siffa ba. A 2008 Tata ya datse bayan motarsa Indigo ya fito da Indigo CS, salun ta farko da ta shiga ƙarƙashin mita huɗu. Maruti Suzuki ya bi sahu a 2012, inda ya rage Swift Dzire daga milimita 4,160 zuwa 3,995. But ɗin motar ne ya ɗauki asarar. Daga nan Honda Amaze da Ford EcoSport suka shigo a 2013, aka kuma samu sabon rukuni na gajerun jif-jif masu tudu. Haka abin yake a ɓangaren inji: ana yawan ganin cc 1,197 da cc 1,497, kowanne ya tsaya daf da iyaka. Masu son ƙarin ƙarfi kuma sai suka koma ga ƙananan injuna masu na'urar turbo, wadda ke cusa ƙarin iska ba tare da an ƙara girman tukwane ba. Dzire ɗin da ake gani a titunan Nijeriya da wannan tsawo take zuwa, duk da cewa dokar da ta gajarta ta ba ta aiki a nan.

Cika sharaɗi ɗaya ba ya wadatarwa. Maruti Brezza tsawonta milimita 3,995 ne, amma injinta na fetur cc 1,462 ne, don haka harajin manyan motoci take biya, alhali abokiyar gasarta mai injin dizal cc 1,497 tana cin moriyar rangwamen. A ganina wannan shi ne babban raunin dokar. Tana auna jikin mota da cikin injinta, ba ta auna hayaƙin da take fitarwa ko man da take sha ba. Ba ta kuma duba farashi, shi ya sa gajeriyar jif mai tsada ke samun sauƙin da aka tanada domin mai ƙaramin ƙarfi, yayin da magidancin da yawan iyalinsa ya tilasta masa sayen mota mai kujeru bakwai, irin Ertiga, yake biyan kashi 40.