Haikalin Unguwa a Japan: Gidan Matattun Iyali

Da muka kai ziyara wurin 'yan'uwanmu da ke harkar kayan gyaran mota a bayan birnin Tokyo, watau masu aiko da kaya kasuwar Abossey Okai ta Accra, mun lura da wani gida mai rufin ƙasa gasasshiya a ƙarshen layin da muka sauka. Kullum da sassafe sai mu ga tsofaffi suna shiga da furanni. Muka tambaya, aka ce mana ai haikalin addinin Buddha ne na unguwar, abin da Japanawa ke kira "otera". Irinsa sun haura 70,000 a ƙasar, har sun fi ƙananan kantunan nan da ba sa rufewa dare da rana yawa.

Mun nemi izini muka shiga. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi, kuma ana tuɓe takalma kafin a hau babban ɗaki. Masu ibada sukan jefa kwabo a akwati, su kunna turare, su haɗa tafuka shiru. Tafi kuwa ba a yinsa a nan, wannan sai a wuraren bautar Shinto. Mu dai muka tsaya gefe muna kallo, ba wanda ya ce mu rusuna.

To, abin da ya ba mu mamaki shi ne ɗakin ibadar ba kowa a ciki, jama'a duk suna bayan gida, inda maƙabarta take. A nan ne muka gane ainihin aikin haikalin. Kowane iyali yana da dutse guda mai ɗauke da sunan gidansu, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan rami inda ake ajiye tukwanen ƙasusuwan kaka da kakanni, domin fiye da kashi 99 cikin 100 na mamatan Japan ƙona su ake yi. Ga bokitai da ludaya a jere a kan kanta. Mun ga wata dattijuwa ta ɗebi ruwa ta wanke dutsen mijinta tas, ta canja furanni, sa'an nan ta tsuguna tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai ka ce yana zaune gabanta.

Wannan alaƙa tana da tarihi. Addinin Buddha ya shigo Japan daga Koriya a ƙarni na 6, amma sai a ƙarni na 17 ne gwamnatin gidan Tokugawa, wadda ta haramta addinin Kirista, ta tilasta wa kowane gida yin rajista da wani haikali don a tabbatar ba Kirista ba ne. An daina wannan tilas a farkon shekarun 1870, amma gidaje suka ci gaba da riƙe haikalin kakanninsu. A 1872 kuma hukuma ta yarje wa malaman haikali su yi aure, shi ya sa a yau galibi ɗa ne ke gadon ubansa, iyalinsa na zaune a harabar.

Malamin shi ke jagorantar jana'iza, ya raɗa wa mamaci sabon suna, ya yi addu'ar kwana 49 da ta shekara, wasu gidajen har zuwa ta 33. Duk wannan da kuɗi ne, ban da abin da ake biya kowace shekara na kula da kabari. Taro kuwa sai lokacin Obon a tsakiyar watan Agusta (a Tokyo wasu a Yuli suke yi), sa'ad da ake komawa gida ziyarar kaburbura, sai kuma daren sabuwar shekara da ake kaɗa babbar ƙararrawa sau 108.

Sai dai fa abin yana ja da baya. Haihuwa ta ragu, matasa sun bar ƙauyuka, dubban haikalai ba su da malamin da ke zaune a ciki. Iyalai da dama suna rufe kabarin gidansu su kwashe ƙasusuwan zuwa birni, don ba mai zuwa wanke dutsen.

Akwai inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya zauna a zango ya san yadda iyayenmu suka sha fama kafin su sami filin maƙabarta. Haka Musulmin Japan suke ciki yanzu, domin wuraren da aka yarda a binne gawa ba tare da ƙonawa ba kaɗan ne ƙwarai. A garin Hiji na lardin Oita an yi shekaru ana neman fili, mazauna suna tsoron gurɓatar ruwan sha, har magajin garin da aka zaɓa a 2024 ya ce ba zai sayar ba. Alhali kuwa ɗaya daga cikin tsofaffin maƙabartun Musulmi a ƙasar tana kusa da wani haikalin Buddha ne mai suna Monjuin a lardin Yamanashi, wanda ya ba da wuri tun shekarun 1960. Idan wani namu ya rasu a can, ko dai a yi doguwar tafiya da gawar zuwa irin wannan wuri, ko kuwa 'yan'uwa su haɗa kuɗin jirgi a dawo da ita gida.