Inshorar lafiya a Amurka: haƙƙin kowa ne ko na mai aiki kaɗai?

A Amurka, wanda aka sallama daga aiki ba albashi kaɗai yake rasawa ba, sau da yawa har da damar ganin likita. Kusan rabin al'ummar ƙasar, wato mutum sama da miliyan 150, ta hannun kamfanin da suke yi wa aiki suke samun inshorar lafiya, ko ta hannun wurin aikin miji, mata ko iyaye. A kan wannan tsari ne 'yan siyasar ƙasar suka shafe shekaru kusan 80 suna ja-in-ja: a bar lafiya ɗaure da aiki, ko gwamnati ta ɗauki nauyin kowa?

Yadda aka faro

Ba wani ne ya zauna ya tsara abin haka ba, yaƙi ne ya haife shi. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta taƙaita ƙarin albashi don kada farashi ya hau. Ma'aikata sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suka koma jawo su da inshorar lafiya, tunda ba a lissafa ta cikin albashi. A 1954 doka ta tabbatar da cewa kuɗin da kamfani ya biya wa ma'aikaci na inshora ba a cire masa haraji. Daga nan tsarin ya yi jijiya.

Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar ƙasa baki ɗaya a 1945, amma ƙungiyar likitocin Amurka ta yaƙi shirin, tana kiransa gurguzanci, har ya bi ruwa. Sai a 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan shirye-shirye biyu: Medicare na masu shekara 65 zuwa sama, da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. Sauran jama'a aka bar su da kamfanoni. Yunƙurin Bill Clinton na 1993 shi ma bai kai labari ba.

Abin da dokar Obama ta sauya

Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010, wadda ake yi wa laƙabi da Obamacare, ba ta rushe tsohon ginin ba, faci ta yi masa. Ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya ba su inshora ko ya biya tara. Ta hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum don yana da tsohuwar cuta kamar ciwon suga. Ta bar 'ya'ya a kan inshorar iyayensu har shekara 26, ta kuma ba da tallafi ga masu saye da kansu. Adadin marasa inshora ya sauko daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023, amma har a lokacin mutum wajen miliyan 26 ba su da ita.

'Yan Republican sun yi ƙoƙarin soke dokar a 2017, suka faɗi a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 49 da 51. A ƙarshen 2025 kuma, taƙaddama kan tsawaita ƙarin tallafin inshorar ce ta sa aka rufe ayyukan gwamnatin tarayya na kwana 43.

Hujjar masu son a ɗauki nauyin kowa

Sanata Bernie Sanders ne fitaccen mai kiran a faɗaɗa Medicare ga kowa, gwamnati ta zama mai biyan kuɗi ita kaɗai, daga haraji. Hujjarsu ta farko kuɗi ce. A 2023 Amurka ta kashe sama da kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, Faransa kuwa wajen kashi 12, ga shi Bafaranshe ya fi Ba'amurke tsawon rai da kimanin shekara huɗu. Suna cewa kuɗi masu yawa na salwanta ne wajen cike takardu, da ribar kamfanoni, da tsadar magani.

Hujja ta biyu 'yanci ce. Wanda ɗansa ke fama da ciwo mai tsanani ba ya iya barin aikin da ya ishe shi ko ya buɗe sana'arsa, don tsoron rasa inshora. Doka ta yarda wanda ya bar aiki ya ci gaba da ita, galibi har wata 18, amma shi zai biya kuɗin gaba ɗaya, a daidai lokacin da ba shi da albashi.

Hujjar masu son a bar tsarin

Masu adawa na cewa shirin Sanders zai ci wa gwamnati sama da dala tiriliyan 30 a shekara 10, wato sai an ƙara haraji sosai. Suna nuni da dogon layin jiran tiyata a Birtaniya da Kanada, suna kuma gargaɗin cewa idan gwamnati ta rage kuɗin da ake biyan asibitoci, ƙananan asibitocin karkara za su rufe. Ba 'yan Republican kaɗai ke faɗin haka ba. A 2020 ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta jihar Nevada, wadda ke tare da 'yan Democrat, ta soki shirin, don 'ya'yanta sun sha yajin aiki kafin su sami inshora mai kyau, kuma ba sa son sakin na hannu su kama na guje. Shi ya sa Joe Biden ya zaɓi gyaran Obamacare maimakon sake sabon lale.

A nan gizo ke saƙar: yawancin ma'aikata ba sa ganin ainihin abin da suke biya. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, kimanin CFA miliyan 15. Ana cire wa ma'aikaci wajen dala 6,300, kamfani ya biya sauran. Masana tattalin arziki da dama na cewa wannan ragowar ma daga aljihun ma'aikaci take fita, domin ƙarin albashin da zai samu ne aka karkatar. Haraji kowa na ganinsa, albashin da bai shigo hannu ba kuwa babu mai kukansa.

Ba hanya ɗaya ba ce

Kula da kowa ba dole ne ya zama an kori kamfanoni ba. Birtaniya ta kafa NHS a 1948, ana biya daga haraji. Faransa kuwa da ma'aikata ta fara a 1945, ta yi ta faɗaɗawa har dokar CMU ta 1999 da PUMa ta 2016 suka mai da zama a ƙasar ya zama sharaɗi, ba aiki ba. Duk da haka kamfanonin Faransa na biya wa ma'aikata wani ɓangare na ƙarin inshora.

Ga 'yan uwanmu da ke neman na kai a Amurka, abin ya shafe su kai tsaye. Direban tasi ko mai kitso da ke aikin kansa ba shi da kamfanin da zai biya masa. Mai takardar zama ta dindindin galibi sai ya jira shekara 5 kafin ya cancanci Medicaid. Dokar 1986 ta tilasta wa sashen gaggawa na asibiti ya duba duk wanda aka kawo, amma takardar biyan kuɗi na biyo shi gida.

Ƙasashenmu ma na fuskantar tambayar, domin yawancin jama'a manoma ne da 'yan kasuwa marasa takardar albashi. Gana ta gane haka a 2003, ta ɗora babban nauyin inshorarta kan harajin kayan masarufi. Duk tsarin da aka ɗaure da albashi, mai albashi zai fara amfana, kuma tarihin Amurka ya nuna cewa da zarar miliyoyi sun saba da shi, kwance shi ya fi ɗaure shi wuya.