Haƙƙin Malaman Wucin Gadi A Wuyan 'Yan Kasuwar Bakin Gadar Anacha

Duk motar da ta ɗauko albasa daga Aliero, ko wake daga Dawanau, ko shanu daga Potiskum, ta sauke a Anacha, cinikinta ba ya kammala sai an zauna da biro da takarda. A nan ake rubuta yawan buhuna, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da sunan wanda ya ɗauki kaya bashi da ranar da zai biya. Akawun da ke wannan aiki kowa ya san shi a kasuwa. Amma wanda ya koya masa rubutu da lissafi, galibi malami ne na wucin gadi wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da tsayayyen albashi, ba a kuma cika tunawa da shi ba sai ranar da aka ji rasuwarsa.

Yankin da ake kira Head Bridge yana bakin gadar kogin Kwara wadda ta haɗa Anacha da Asaba. An kammala gadar a 1965, sa'an nan aka buɗe ta biyu a watan Mayu na 2023. Zaman Hausawa a wannan shiyya ya daɗe ƙwarai, haka ma a Inugu da Fatakwal. Idan dai ba a manta ba, Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Jama'ar da ta yi irin wannan zama ta haifi 'ya'ya da jikoki a wurin, kuma dole ta nema musu ilmi a inda take.

Malaman da ke ɗauke da wannan nauyi iri uku ne. Akwai masu koyar da boko a makarantun Islamiyya na unguwa, waɗanda iyayen yara ke biya daga kuɗin wata. Akwai masu ajin manya na dare, inda 'yan dako da yaran shago da direbobi ke koyon karatu da Ingilishin ciniki bayan sallar isha'i. Na uku su ne malaman da kwalejojin ilmi da na fasaha ke ɗauka domin darussan yamma da na ƙarshen mako, ana biyansu gwargwadon awoyin da suka koyar. Ta wannan hanya ce yaron shago kan sami difloma a fannin akanta ko harkokin kasuwanci ba tare da ya bar sana'arsa ba.

Dogaro da irin waɗannan malamai tsohon abu ne a tarihin ilmin Arewa. Yaƙi da jahilci da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950, wanda marigayi Malam Ahmadu Coomassie na cikin jagororinsa, a kan mutanen gari masu ɗan ilmi ya tsaya. Su ne ke tara manya a zaure ko a gindin bishiya, ana ba su ɗan alawus. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, kuma gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya a 1990 da dokar soja mai lamba 17. Hukumomi sun sami ofisoshi da ma'aikata na dindindin, amma mai riƙe da alli a gaban allo ya ci gaba da zama ɗan alawus.

Abin da hakan ke nufi a aljihun malami a fili yake. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 30,000 a 2019, aka kuma mai da shi Naira 70,000 a 2024, amma wanda ake biya da awa ko da karo-karon iyaye, wannan ƙari ba ya isowa gare shi. Ba shi da fansho, ba shi da kuɗin sallama, watan hutu kuwa ba a lissafa shi. Bugu da ƙari, samunsa yana ɗaure da samun kasuwa. Rikicin watan Fabrairu na 2006 ya sa 'yan Arewa da yawa barin Anacha na wani lokaci, zaman gida na ranakun Litinin da aka soma a watan Agusta na 2021 kuma ya rage ranakun ciniki. Duk lokacin da ciniki ya ja baya, kuɗin makaranta na cikin abin da ake fara jinkirtawa.

Idan irin wannan malami ya riga mu gidan gaskiya, jama'ar zango ba ta gazawa wajen yi masa sutura. Ana rufe rumfuna a halarci jana'iza, a zauna zaman makoki, a tara gudummawa, a sa iyali a mota zuwa gida. A wurin ta'aziyya za ka ji manyan dillalai suna faɗin yadda marigayin ya koya musu sa hannu a takardar banki. To, sai dai bayan sadakar arba'in magana takan mutu. Abokan aikinsa da ya bari suna nan cikin halin da ya rayu a ciki, ajinsa kuma sau da yawa watsewa yake yi, domin ba a sami wanda zai karɓi aikin a kan wannan lada ba.

Matsalar ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A Amurka akwai kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, inda ma'aikata da masu ƙaramin ƙarfi ke koyon sana'a da aikin ofis, kuma fiye da rabin malamansu na wucin gadi ne, ana biyansu kwas-kwas. Abin da ya fito da halin irin waɗannan malamai fili shi ne rasuwar Margaret Mary Vojtko a watan Satumba na 2013. Ta shekara 25 tana koyar da Faransanci a matsayin malamar wucin gadi a Jami'ar Duquesne da ke birnin Pittsburgh, ta rasu tana da shekara 83 cikin ƙuncin rayuwa. Wani lauyan ƙungiyar ƙwadago mai suna Daniel Kovalik ya rubuta labarinta a jaridar garin, labarin ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Abin lura shi ne, takwarorinta ba su tsaya ga jimami ba. Sunanta ya zama abin kafa hujja wajen neman ƙarin lada da inshorar lafiya ga waɗanda ke raye.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Amsar tana cikin abin da ya faru a farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Cinikin da aka saba yi hannu da hannu ya koma ta waya da na'urar POS. Wanda bai iya karanta saƙon banki ba sai ya dogara da wani ya duba masa, macuta kuwa suka sami kasuwar saƙon bogi. Haka batun yake wajen rajistar kamfani, da neman rance a banki, da tantance rasit na gaskiya daga na jabu a shingayen hanya. Kuskuren sifili ɗaya a lissafin mota guda ta shanu ya fi abin da malamin dare ke samu a shekara.

Kada kuma a zaci harajin ilmi ya ɗauke wa 'yan kasuwa wannan nauyi. Harajin da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribarsu a wancan lokaci, wanda asusun TETFund ya gaji kula da shi a 2011, daga wannan shekarar an ware shi ne domin gine-gine da kayan aiki da bincike da horar da malamai a manyan makarantun gwamnati. Ajin da ke bayan masallaci a bakin gada ba ya cikin lissafinsa.

Saboda haka mafita tana hannun ƙungiyoyin kasuwa da sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa, kuma ba ta buƙatar sabuwar dabara. Ƙungiyoyin masu albasa da na masu shanu da na direbobi sun riga sun saba karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace mota. A ɗauki misali: idan aka ware Naira 50 a kan kowane buhu, mota mai buhu 300 za ta ba da Naira 15,000, mota biyar kuwa ta haura mafi ƙarancin albashi na wata guda. Abin da ake bukata shi ne a buɗe asusu na musamman a banki, mutum uku su riƙa sa hannu, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a sau biyu a shekara. Idan aka raɗa wa asusun sunan malamin da ya rasu, an haɗa abu biyu ke nan: sunansa bai ɓace ba, kuma an kafa masa sadaka mai gudana irin ta waƙafi.

Na biyu, ya kamata kowane malami ya sami yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi ladansa da ranar biya, har da watannin hutu. Ɗan kasuwar da ba ya sakin buhu ɗaya sai ya rubuta, bai dace ya riƙe malamin 'ya'yansa da alkawarin baki ba. Na uku, tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe shirin ajiyar fansho ga masu sana'ar kansu, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta shafi kowane ɗan ƙasa, jihohi irin su Anambara suna da hukumominsu na inshora. Asusun kasuwa na iya biya wa malamai waɗannan kuɗaɗe a dunƙule. Su kuma kwalejoji, tun da ɗaliban yamma kuɗinsu suke biya kafin su shiga aji, haƙƙi ne a biya malamansu da zarar zangon karatu ya ƙare.

Masu iya magana sun ce, yaba kyauta tukwici. Tukwicin da ya dace da malamin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'ya'yan zango shi ne a tabbatar ajinsa bai mutu tare da shi ba, wanda ya gaje shi kuma ya san ranar da zai karɓi haƙƙinsa. Wannan shawara ce da kowace ƙungiya a Anacha da Inugu da Fatakwal za ta iya yankewa a taronta na wata mai zuwa, ba tare da jiran gwamnati ba.